Kuɓewar Hure

A ƙauyen su Hure, can wajen Kunci, ko wurin shimfiɗa tabarma ka samu sai wani ya ce gonarsa ce. To, ga Turawa sun haɗa kai da injiniyoyinmu, sun kafa farantan sola a bayan gidanta don su riƙa jawo wa gari ruwa. Baƙaƙe wul, ga faɗi, ga tsabta, akuya kuma ba ta kaiwa. Hure ta dube su ta ga mashanya.

Ita a lissafinta, farantan kamar shanu suke: da hantsi sun sha rana sun ƙoshi. Saboda haka da rana ta take, sai ta taka turmi ta baje musu yankakkiyar kuɓewa.

Famfo ya koma ɗiga. Mata suka yi ta tsine wa kayan Turai, har da Hure, muryarta ma ta fi ta kowa.

Ran nan baƙin suka dawo dubawa. Alkawarinsu shi ne, in famfo na aiki, za a kawo injin niƙa, a huta da doguwar tafiya da buhu a ka. Mai Unguwa Iliyasu ya murɗa famfo a gabansu, ruwa ya zubo kamar hawayen jariri.

Wata Baturiya a cikinsu ta yi magana, Injiniya Abdulƙadir ya fassara: "Ta ce, akwai abin da ke tare wa farantan rana?"

"Babu, wallahi!" in ji Mai Unguwa. "Ko bishiya babu."

Nan Hure ta gane kuɓewarta ce. Ta ji kunya tun kafin a gano ta. Tana iya yin shiru, amma ta tuna niƙa. Ta ja mayafi ta wuce, jama'a suka bi ta. Ta hau turmi tana kwashe kuɓewa a zaninta.

"Inna!" Abdulƙadir ya dafe kai. "Shanya kike yi a kai?"

"Yo, ɗan nan, ba da safe suka ci ba? Na zaci an raba: su hantsi, ni azahar."

Da aka fassara, Baturiyar ta yi dariya har da riƙe ciki. Kafin ta gama, yara suka kwaɗa ihu daga bakin famfo, ruwa ya ɓalle.

Injin niƙa ya zo bayan girbi. Hure ba ta taɓa kai niƙa da kanta ba, jika take aikawa, don da ta doso layi mata ke tambayarta ko sola ta ƙoshi.