Fentin Allon Aji Shida

Yara hamsin da huɗu ne a aji shida, malamarsu ɗaya, kuma babu mai littafin karatu ko guda a cikinsu. Suna da benci, kodayake mutum biyar ke matsuwa a na mutum uku. Suna da littattafan rubutu da iyayensu suka sayo da ƙyar. Abin da ya tsaya musu a madadin littafin karatu shi ne allon da ke bangon gaba. Siminti ne aka shafe, Malama na goga masa gawayi duk farkon zango don ya yi baƙi. Ya koɗe, ya tsage a kusurwa ɗaya, amma yana kama alli yadda ake so. Duk abin da yaran nan suka sani, daga jikinsa suka kwafa.

Saura kwana tara a yi jarrabawar shiga sakandare. Malama ta samu aron littafin tambayoyin lissafi daga wata ƙawarta da ke koyarwa a makarantar kuɗi, bisa sharaɗin kwana biyu kawai. Yammaci biyu ta yi a ƙarshen mako tana kwafe shi a allo da ƙananan haruffa, daga sama har ƙasa, tambaya arba'in da yadda ake warware kowace. Ran Litinin ta mayar da littafin, ƙawar kuma ta ba wa 'yan ajinta. Malama ta gargaɗi yara cewa kada wanda ya kuskura ya jingina da allon nan sai kowa ya gama kwafa.

Da safiyar Talata suna cikin kwafa, ba ka jin komai sai ƙarar biro da jan hanci, sai ga Hedimasta a bakin ƙofa, ya sha sabuwar riga. Ya ce a fito da yara fili, baƙi sun kusa. Baƙin ma'aikatan wani kamfanin inshora ne. Al'adar kamfanin ce a ba kowane ma'aikaci rana ɗaya a shekara ya ajiye aikin ofis ya je ya yi wa jama'a hidima da hannunsa, kuma bana ce shekara ta uku da suke zuwa wannan makaranta.

Malama ta roƙi a bar mata 'yan ajinta, tunda su ne masu jarrabawa. Hedimasta ya ce ai su ne manya, su ne suka iya waƙar maraba, in aka tsayar da 'yan aji biyu sai sun ba shi kunya. Rabin awa ne kawai, in ji shi. Ta tambaya ko baƙin za su shiga azuzuwa. Ya ce a'a, a takardar da aka aiko masa katangar waje ce da ƙofar ƙarfe, sai dashen itatuwa.

Rabin awar nan sai da ta zama awa uku. Motar ta makara. Da ta iso, mutum talatin suka sauko cikin riguna shuɗaye iri ɗaya, suna dariya, suna ɗaukar juna hoto. Aka yi waƙar maraba, aka sake yin ta saboda mai ɗaukar hoto bai gama shiri ba. Shugabar tawagar, wadda abokan aikinta ke kira Madam, ta yi jawabi, Hedimasta ya yi wanda ya fi nata tsawo. Daga nan aka buɗe kwalaye aka raba wa kowane yaro jakar goyo mai tambarin kamfani, aka ce kowa ya riƙe tasa a ƙirji, tambarin na kallon gaba.

Akwai wata yarinya a ajin da ake kira Auta, don ita ce mafi ƙanƙanta. Tana da fahimta, sai dai hannunta ba ya sauri, kullum ita ce ta ƙarshe a kwafa. Ta zuge jakarta ta leƙa ciki, ta zura hannu har ƙasa, sannan ta ja gefen mayafin Malama.

"Malama, littattafan a wace mota suke?"

Malama ta ce ta yi shiru ta kalli mai hoto. Amma da aka fara watsewa, sai ta matsa kusa da Madam, ta gaishe ta, ta yi godiya, ta ce wata uku da suka wuce makaranta ta aika jerin abin da take bukata, littattafan aji shida ne a sama. Madam mace ce mai fara'a, ba ta ɗauki tambayar da zafi ba. Ta ce ta ga takardar, amma littattafai na ƙarƙashin sashen gudummawa ne, su kuma na aikin sa-kai ne. Kowane da fom ɗinsa. Ta dafa kafaɗar Malama ta ce ta tuna mata kafin su tafi.

Aka haɗa 'yan aji shida da masu dashen itatuwa, su ɗebo ruwa. Malama na tsaye a rana tana duba agogon hannunta, tana lissafin tambaya nawa Auta za ta kwafa da a aji take. Ba ta lura cewa masu fenti sun gama da katanga da ƙofa da wuri ba. Ƙa'idar kamfanin kuwa sai mutum ya cika awa biyar ake rubuta masa cewa ya yi hidima, ga kuma fenti ya rage a gwangwanaye. Sai suka bazu suna neman abin shafawa.

Wajen azahar aka sallami yara su sha ruwa. Malama ta nufi aji. Tun daga baranda warin fenti ya tare ta.

Wani dogon saurayi ne a ciki, ya naɗe hannun riga, goshinsa duk zufa, yana gyara kusurwar ƙarshe da buroshi. Allon ya zama baƙi wuluk, yana sheƙi har ana ganin inuwar taga a jikinsa. Ko harafi ɗaya bai rage ba.

"Malama, ke ce mai ajin nan?" ya ce da murmushi. "Zo ki gani. Na ga allonku ya mutu murus, na ce ba zan tafi in bar shi haka ba."

Ya ci gaba da bayani cikin jin daɗi. Sai da ya goge shi tas da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ya yi masa shafi biyu. Ya ce shi ma a irin wannan aji ya yi karatu, a bencin baya saboda tsawonsa, ba ya ganin komai a allo don koɗewa, har yau yana tuna ciwon kan. Malama ta bi gwangwanin da ke ƙasa da kallo. Fentin mai ne, wanda aka shafa wa ƙofar ƙarfe.

Ta juya ta fita. A baranda ta ci karo da Hedimasta, ya riga ya leƙa ta taga ya gani. Ya ja ta gefe ya yi ƙasa da murya. Ya ce ya san abin da ciwo, amma Madam ta nuna alamar cewa baɗi za a duba maganar rufin aji uku da ke yoyo. Makarantu da yawa ke layi suna neman a zo musu. In aka ɓata wa mutanen nan rai, wata za su zaɓa.

"Ki yi haƙuri ki ce an gode, shi ke nan. Gobe ma rana ce."

"Ranka ya daɗe, goben tara ce ta rage mana," in ji ta.

Ta tsaya ta numfasa. Shekara ashirin da ɗaya tana koyarwa, kuma ta daɗe da sanin cewa tsawa ba ta sa yaro ya gane kuskurensa, sai dai ya gane cewa an yi fushi. Ta koma aji ta ɗauki guntun alli a kan tebur, ta ce wa saurayin ya biyo ta. Ta kai shi ƙofar ɗakin ajiya, wadda abokan aikinsa suka shafa wa irin wannan fenti bara, ta bushe ƙayau. Ta miƙa masa allin.

"Ƙanena, don Allah rubuta mini bakwai a nan."

Ya karɓa yana dariya, ya ɗauka wasa ne. Allin ya zame, ya yi ƙara mai tayar da tsikar jiki, bai bar komai ba sai ɗan farin ƙura. Ya danna da ƙarfi, allin ya karye. Ya sake gwadawa da guntun. Yara sun taru a nesa kaɗan da jakunkunansu, suna kallo. Dariyar ta bar fuskarsa a hankali.

Sai Malama ta gaya masa, ba tare da ta ɗaga murya ba, abin da ke rubuce a allon, da inda ta samo shi, da ranar jarrabawa.

"Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Da ka leƙo fili ka tambaya, ina can ina ba itace ruwa."

Ya ruga aji ya ɗauko tsumma zai goge. Baba maigadi, wanda ke zaune a inuwa yana kallon komai tun safe, ya taso ya riƙe masa hannu. Ya ce in ya taɓa shi yanzu sai ya dame ya zama kwaɓa. Sai an bar shi ya bushe kwana uku, sannan a kankare da wuƙa, a bi da samfefa har siminti ya fito, aikin yini biyu ga mai ƙarfi.

"Ɗana, shekara uku kuna zuwa, shekara uku ina kankare fenti daga bakin kwaɗo kafin makulli ya shiga," in ji Baba. "Bana dai kun ci gaba, kun shiga aji."

Saurayin ya je wurin Madam. Malama na hango shi yana magana da hannuwa, yana nuna ajin. Madam ta zo da kanta, ta dubi allon, ta ce kai, abin bai yi daɗi ba, kuma da gaske take. Saurayin ya ce a sayo allon katako yau ɗin nan. Ta ce sayayya ba a hannunta take ba, sai an cike fom, kwamiti kuma sai ƙarshen wata mai zuwa zai zauna. Ta fito da wayarta ta rubuta wani abu don kada ta manta.

Ana cikin haka mai ɗaukar hoto ya shigo, bai san abin da ake ciki ba. Ya ga allon yana ƙyalli, ya ce ai duk aikin yau babu abin da ya yi kyau kamarsa, a nan za a yi hoton ƙarshe. Kafin wani ya yi magana an turo yara an jera su, Hedimasta ya gyara hula ya shiga tsakiya. Ya kalli Malama da ido irin na roƙo. Ta je ta tsaya a gefe. Aka ce kowa ya yi murmushi, aka ƙirga uku.

Direba ya fara danna ham a waje. Saurayin ne na ƙarshe da ya fita. Ya tsaya gaban Malama yana murza yatsunsa da suka yi baƙi, ya ce ran Asabar ba ya aiki, zai zo da samfefa da kansa, ba da sunan kamfani ba. Ta ga alamar har zuciyarsa yake faɗa. Ta kuma san cewa daga Talata zuwa Asabar kwana huɗu ne, sannan ga yini biyun kankara.

"Allah ya kai mu," ta ce. "Ka wanke hannun da kananzir, sabulu ba zai fitar ba."

Da motar ta tafi, Hedimasta ya kawo mata takardar da kamfani ya bari, wadda malamai za su sa hannu cewa sun gamsu da aikin. Ya riga ya cike sauran. Ta ce ya ajiye a tebur, yanzu hannunta na da aiki. Ya ajiye ya fita.

Ta sa aka buɗe tagogi duka saboda wari. Ta ce kowa ya buɗe littafinsa inda ya tsaya. Ta bi benci benci tana dubawa. Monitar ajin ce ta fi kowa nisa, ta kai tambaya ta ashirin da shida. Yawancinsu suna tsakanin sha biyar da ashirin. Daga ashirin da bakwai zuwa arba'in babu wanda yake da su, ita kanta in ta matsa ƙwaƙwalwarta ba za ta tuna fiye da biyar ba. Auta na kan ta tara, ta rubuta rabin tambayar, ta bar fili a ƙasa don amsa.

Malama ta ce maza su tura bencuna jikin bango, mata su share tsakiyar ɗaki. Daɓen siminti ne, duk ɗige-ɗigen fenti, amma da ta gwada alli a kai sai ya kama. Ta karɓi littafin monita, ta tattare zanenta, ta durƙusa a kan gwiwoyin da suka daɗe suna mata ciwo, ta fara daga tambaya ta tara. Ta ce masu sauri su jira, ba wanda zai wuce sai na baya ya iso. Yara suka kewaye rubutun, wasu a tsugune, wasu a tsaye suna leƙe ta kan kafaɗar juna, ana ta cewa wane ka ɗauke ƙafarka, ka taka lamba.

Auta ta samu wuri daf da hannun Malama. Tana kwafa tana cije leɓe, ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Ba ta ji haushin dogon mutumin ba, don ta ga yadda fuskarsa ta yi lokacin da allin ya karye. Abin da ta fahimta shi ne, duk ranar da aka ce masu taimako za su zo, mutum ya yi sauri ya gama kwafe abin da ke kan allo tun kafin motarsu ta iso.