Talatin da Biyu a Rudun Inna A'i

Dalhatu ne ya koya wa Waliyyu rubuta manhaja, a ɗan shagonsa na gyaran kwamfuta a Jega, tun yaron bai san inda ake kunna ta ba. Waliyyu ɗan ƙanwar mahaifiyarsa ne. Yanzu kuwa ko'ina ka juya a kasuwar albasa ta Aliero sunan Waliyyu ake kira, saboda wata 'yar na'ura da ya haɗa. Ana rataya ta a rudu, rumfar karan da ake ajiye albasa, ta riƙa turo wa mai kaya awon zafi ta waya. In zafi ya hau, a je a buɗe, a juya, a tsince ruɓaɓɓu.

Dalhatu yana yabawa da baki, a ransa kuwa ba haka ba ne. Kishi ne tsagwaronsa, shi ma ya sani.

Wata safiya Waliyyu ya kawo masa manhajar na'urar.

"Yaya, duba mani wanga kahin in kai ma manoman Maiyama. Idonka ya hi nawa."

Dalhatu bai yi nisa ba ya ga ɓarakar. A layin da zai sanar da matsala, yaron ya sa %d, alamar fitar da lamba, maimakon %v da ke fitar da bayanin matsalar da kalmomi. Ke nan in hanyar da ma'aunin zafi ke turo awo ta katse, saƙon ba zai ce ta katse ba. Lambar matsalar zai turo tsurarta, talatin da biyu. Manomi kuwa ya ga talatin da biyu, ai sai ya gode Allah, rudu lafiya lau.

Harafi ɗaya ne gyaran. A ransa Dalhatu ya hango Waliyyu tsaye gaban dattawan Maiyama yana zufa, na'ura ta kunyata shi, ana cewa a kira yayan nasa. Wani sanyin daɗi ya ratsa shi.

"Ba komi ciki," ya ce, ya rufe kwamfutar.

Maiyama dai aka yi taro aka watse, na'ura ba ta ko yi tari ba. Dalhatu ya ci gaba da jira.

Damina ta kusa, iska ta yi nauyi, sai aka kira shi gida, ƙauyensu Danwarai. Tun daga bakin gona wari ya tare shi. Albasar mahaifiyarsa Inna A'i, noman rani guda da take tanadi sai ta yi daraja, ta narke tana tsiyaya ta ƙarƙashin rudu. Ashe Waliyyu ya rataya mata na'urar kyauta, don ta huta da tattaki da ciwon gwiwarta. Ɓera ya ci igiyar ma'aunin. Ita kuwa kullum waya na ce mata talatin da biyu.

Waliyyu na durƙushe yana kuka wiwi.

"Inna, laihina na. Ni na ɓata maki."

Inna A'i ta dafa kansa, ta share masa hawaye da gefen mayafinta.

"Bari kuka, ɗana. Ba kai ma yayanka kay yi ya duba ba? Abin da Dalhatu bai gani ba, wa ka ganinai?"

Ta ɗago ta dubi ɗanta, tana jira ya tabbatar. Ƙudaje sun cika wurin.

"Haka na, Inna," in ji Dalhatu.

Ta miƙa masa shebur, ya shiga kwasa.