Ƙwan Mazari a Kan Bonet

Kumfa ake ce masa, domin tun da ya fara aiki a wurin wankin motar kawunsa ba a taɓa ganin hannunsa a bushe ba. Ya iya aikin kuwa. In ya wanke baƙar mota ya goge ta, sai mai ita ya tsaya gyara wuyan riga a jikin ƙofa kafin ya shiga.

Da damina ta kankama, mazari, ƙwarin nan masu shawagi a bakin ruwa, suka cika wurin. Wata rana da hantsi Kumfa ya gama goge wata baƙar mota, ya ja da baya yana kallon aikinsa. Sai wata mazari rawaya ta sauko ta dangwala bindinta a bonet, ta tashi, ta sake dangwalawa. Ya san wannan. Yana yaro ya sha gani a bakin tafki, haka suke zuba ƙwai a ruwa. Ya sunkuya ya duba, ga ɗige-ɗige ƙanana a kan ƙarfe mai zafi. Kafin ya nemo abin kwashewa sun bushe.

Ya daɗe a tsaye da tsumma a hannu. Motar dai ba ta yi wa kowa ƙarya ba, ƙarfe ce. Da ƙurarta ta zo, ko ƙuda bai kalle ta ba. Shi ne ya zage ya mai da ita tafki.

Daga ranar ya fara lura da su. Ya gano sirara masu naɗe fiffike in sun sauka ba ruwansu da mota, suna can cikin ciyawar bakin kwata. Jajayen da ke zama a kan eriya, in an kore su su dawo, maza ne masu gadin wuri. Matan sun fi kauri, launinsu a dishe, su ne masu dangwalawa. Ba sa zuwa da sassafe, ba sa zuwa in akwai iska ko hadari. Sai rana ta take bayan an yi ruwa, daidai lokacin da motoci suka fi yawa. Farar mota kuma ba ta cika ruɗarsu ba. Baƙa da ja ne masifa.

Ya cika baho da ruwa ya ajiye kusa da mota. Ko kallon bahon ba su yi ba. Ruwan gaske bai kai aikinsa kama da ruwa ba, kuma abin da ya fi damunsa, sai ya ji daɗin hakan.

Sai ya koma kora. Yana gama gogewa, ya hau zagaya mota yana kaɗa tsumma yana cewa, "Ba nan ba ne, baiwar Allah! Gaba!" Wata mata da ta kawo motarta ta ɗauka da ita yake, ta tafi ba ta dawo ba. Daga nan ya ɓullo da wata dabara: ya wanke mota fes, sannan ya ɗebo ƙura a tafin hannu ya barbaɗa a bonet.

Kawu ya kama shi yana barbaɗa wa motar wani ɗan kwangila, mutumin da motocinsa baƙaƙe suka fi rabin aikin wurin.

"Kai, ɗan nan, me nake gani? Gishiri kake sa mata?"

"Kawu, yaudara nake hanawa."

"Yaudarar wa?"

"Mazari. Suna ɗauka ruwa ne, su zuba 'ya'yansu su ƙone."

"Sun kawo ƙara?"

"Ba su da baki, Kawu."

"Ɗan kwangila yana da shi. Ya ce in aka sake mayar masa da mota da ƙura, shi da mu har abada. In ya tafi, wurin nan rufewa zan yi, ni da kai mu koma gadin kwata tare da 'yan uwanka mazari."

A gida matarsa ta saurari bayanin duka tana ninke kayan yara. Ta ce, "To, su 'ya'yan naka a wane bonet zan zuba su in an kore ka?"

Kawu ba zai iya korar ɗan 'yar uwarsa kai tsaye ba, ya san washegari za ta zo ta zauna masa a ƙofar ofis da mayafi a kafaɗa. Don haka ya raba aiki. Kumfa zai riƙa wanke fararen motoci da tayoyi da ƙarƙashi. Baƙaƙe kuwa Kawu da kansa, duk da ciwon bayansa. Ya ce wannan ce dama ta ƙarshe.

Kumfa ya ga rabon ya yi adalci, har na 'yan kwanaki. Ƙwai na ci gaba da bushewa a bonet kamar da, amma ba da hannunsa ba. Yana kwance ƙarƙashin wata farar mota yana tambayar kansa ko wannan shi ne tsabtar hannu, ko kuwa canjin wurin tsayuwa ne kawai. Sai laka ta faɗo masa a ido.

Abin da bai yi tsammani ba shi ne Kawu. Mutumin da ya tsufa bai taɓa ɗaga kai ya kalli ƙwaro ba, yanzu an nuna masa, ya kasa daina gani. Kumfa ya ji shi yana ce wa wani jan mazari, "Kai dai ba ka da aiki sai zaman eriya." Wata rana ya gan shi ya kare bonet da jikinsa, ya ce wai inuwa yake nema. Aikin baƙaƙen motoci ya fara jinkiri.

Ranar da ɗan kwangila ya zo da kansa, an yi ruwa da safe, rana ta buɗe, ko ganye ba ya motsi. Ya zauna a benci ƙarƙashin rumfa yana kaɗa makulli, ya ce sauri yake, taro zai je. Kawu ya wanke babbar motar, ya fara gogewa, rabin bonet ya ɗauki sheƙi. Sai hannunsa ya tsaya. Ɗayan hannun kuma, Kumfa ya hango, ya fara lalubar ƙasa.

"Kumfa! Zo nan."

Ya fito daga ƙarƙashin farar mota ya je.

Kawu ya yi ƙasa da murya, ya nuna da haɓa. "Duba min waccan da ke shawagi. Mace ce?"

Kumfa ya duba. Rawaya ce a dishe, mai kaurin bindi, har ta fara saukowa tana auna wuri. Ya dubi ƙurar da ke tafin Kawu. Ya dubi ɗan kwangila, wanda ya daina kaɗa makulli ya miƙe yana leƙe.

"Lafiya dai, dattijo? Me kuke kallo a motata?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe," in ji Kawu, bai juya ba. "Kai nake jira, ɗan nan. Kai ka san su."

"Namiji ne, Kawu."

"Ka tabbata? Na ga kamar ta yi kauri."

"Ƙoshi ne. Goge abinka."

Kawu ya sauke ajiyar zuciya, ya kakkaɓe hannu a wando, ya duƙa kan aikin da ƙarfinsa. Da ta sauko ta dangwala bindi a gefen da aka gama, Kumfa ya matsa ya tsaya tsakaninta da idon Kawu, yana nuna masa wani wuri kusa da fitila da bai fita ba.

Ɗan kwangila ya zagaya motar, ya ce gobe za a kawo sauran. Kawu ya raka shi har bakin titi. Kumfa ya ja tiyo ya koma ƙarƙashin farar motar, akwai tayar baya da bai wanke ba.