Ranar da Anti Ta Goge Gargaɗinta

A ofishinmu akwai wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da muke kira Ɗan Aike. Ka ce ya tura saƙo, ya tura. Ka ce ya rufe shafin ma'aikaci, ya rufe. Sai dai ba ya taɓa kayan aiki sai an rubuta masa bayaninsa, abin da yake yi da lokacin da ake ɗaukarsa. Aikin Anti ke nan, ita da Dogo, wanda ita ta koya masa sana'ar. Ni kuwa nawa in ba Ɗan Aike ayyukan gwaji, in auna bayanin wa ya fi kai shi gaci.

Anti mace ce mai tsoron ɓarna. Duk bayanin da ta rubuta sai ta liƙa masa jela: kada a goge sai an tambaya, kada a rufe sai an tabbatar. Shi ya sa Ɗan Aike ke yawan tsayawa ya ce, "Ka tabbata?" Oga kuwa ya tsani tambayar nan kamar ciwon haƙori.

Ran nan ya tara mu, yana kaɗa makullin mota. Ya ce kujera ɗaya ta rage wa masu rubuta bayani, wanda gwaji ya kayar ya kama gabansa. Anti ta daɗe a wajen nan har ƙafar teburinta ta huda kafet, kuma a shekarunta wa zai ɗauke ta?

Na saka sakamako a allon bango. Ma'aunin Oga ne, aikin da aka gama kawai yake ƙirgawa, tsayawa tambaya faɗuwa ce. Dogo ya yi wa Anti fintinkau.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na Dogo fa sau da yawa abin da bai kamata ba yake gogewa."

"Ke aka tambaya?" in ji shi. Sai ya juya wajenta da wani murmushi da ban yarda da shi ba. "Anti, ai ba a yar da tsohon hannu haka. Ki gyara kafin a tashi, mu sake aunawa."

Wallahi na ga wulaƙanci a ranar. Tana zaune gefena, tabarau a kan hanci, tana bin layukan da ta yi shekaru tana ginawa, tana gogewa. In ta zo kan "sai an tabbatar", yatsanta ya tsaya, ta ja numfashi, ta danna. Shayinta ya huce bai ga bakinta ba. Dogo ya leƙo yana washe baki, "Anti, a kawo miki almakashi?" Ɗan banza, wanda ko gaisuwar wasiƙa bai iya ba lokacin da ya zo.

Ta ce mini a hankali, "Ƙanwata, wannan ba bayani ba ne, wuƙa ce ba kube."

Na ce, "Anti, ki dai tsira tukuna."

Da la'asar na sake gwaji. Ɗan Aike ya bi ayyukan kamar an kora shi da bulala, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Anti ta wuce Dogo. Na yi guɗa ban sani ba. Anti ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa.

Oga ya tafa. "Madalla! Ashe kin iya, ɓata mana lokaci kike yi. To, gwaji gwaji ne, bari mu gani a aikin gaske." Ya jawo kwamfutata, ya ɗora sabon bayanin Anti, ya rubuta umarni yana karantawa da ƙarfi don kowa ya ji: a rufe shafin ma'aikaciyar da za ta tafi. Ya saka sunan Anti.

"Ranka ya daɗe, ai ni na ci," in ji Anti.

"Kin ci mana. Tun makon jiya aka gama magana, Dogo ne zai zauna. Gyaran nan kawai nake so, na san ba za ki yi shi da daɗin rai ba."

Ya danna. Fuskar kwamfutarta ta yi duhu nan take, katin shigarta ya mutu.

Oga ya leƙa allo, ya gyaɗa kai. "Kin ga aiki mai kyau, Anti? Ko tambaya bai yi ba."

Ta cire tabarau, ta naɗe shi, ta nufi ƙofa. Ta kara katinta sau biyu, ƙofar ta ƙi buɗewa. Haka ta tsaya da jaka a hannu, har Dogo ya gama wayarsa ya zo ya buɗe mata.