Naɗin Hagu

Maxime ya ci mutuncin Baba Mahamman ranar Asabar da hantsi, a bakin shagonsa, a gaban mahauta da 'yan moto masu haya da babur.

Bai san tsohon yana wurin ba. Baba Mahamman yana tsaye a bayan taron, riƙe da gwangwanin madara da yake zuba aikin da ya gama. Kwana huɗu ya yi a Bibemi wurin ta'aziyya, jiya ya dawo Garwa.

Mai faɗan Alhaji Taufiƙ ne, dillalin shanu. Muryarsa ta dushe. Ya ɗaga tabarsa mai batir sama don kowa ya gani.

"Zuƙa ɗaya na yi, Maxime! Ɗaya! Wuta ta shigar mini maƙogwaro. Kwana biyu ina tari, ko cinikin sa guda ban iya ba. Kashe ni za ka yi?"

"Pardon, Alhaji, ba ni ba ne," in ji Maxime. "Tsohon nan ne mai naɗa mini. Idonsa ya tafi, hannunsa ya mutu. Don tausayi kawai nake ba shi aikin."

Wani ɗan moto ya yi dariya. Dawuda mahauci ya girgiza kai, ya ce, "Tsufa ke nan."

Baba Mahamman ya juya. Bai hau moto ba. Da ƙafa ya koma unguwarsu Hausare, rana tana dukan ƙeyarsa, gwangwanin yana kacau-kacau a hannunsa.

Shekara talatin da biyu ya yi yana naɗa wayar fanka da ta injin ban ruwa. Maxime yana ɗan shekara goma sha huɗu ubansa ya kawo shi koyon aiki, ya koma kudu ya bar shi. A gidan Baba Mahamman ya ci, a nan ya koyi Hausa. Hannunsa bai taɓa zama ba, amma bakinsa ya iya ciniki. Da ya girma ya buɗe shago kusa da babbar kasuwa, ya shiga sayar da taba mai batir, wadda ake zuƙa ta ba da tururi. A cikinta akwai ɗan tanki na ruwa mai ƙamshi, da 'yar waya naɗaɗɗiya, da lagwanin auduga a cikin wayar. Lagwani ya sha ruwan, waya ta yi zafi, tururi ya fito. In wayar ta ƙone sai an jira sabuwa daga Duwala, wata guda ko fi. Shi ya sa Maxime ya dawo wurin tsohon. Shekara uku ke nan Baba Mahamman yana naɗa masa a zaure. Shi kansa bai taɓa kai abin bakinsa ba.

Ya iske matarsa Kaltuma a tsakar gida, tana tsame auduga daga tukunya. Tafasa ta uku ke nan. Haka suke yi kullum: a tsince gurya, a tafasa sau uku ana sake ruwa, a shanya a inuwa ƙarƙashin farin ƙyalle.

Ta dubi gwangwanin. "Malam, ba ka kai ba?"

"Na kai kunnena."

Ya faɗa mata. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya ji ba.

"Tsoro ne ya sa shi," in ji ta. "Ka san Alhaji Taufiƙ da baki."

"Tsoro ya sa ya ce ba shi ba ne. Wannan na ji. Tausayin fa? Wa ya tambaye shi?"

Ta ci gaba da tsame audugar.

"Guda goma na bar masa kafin in tafi," in ji shi. "Sun ƙare, ya ɗauki waya da kansa. Ba ni busasshiyar audugar nan."

Bai ci abinci ba. Ya yi azahar, ya sa filaya da ƙusa da 'yar sukudireba a aljihu, ya tare moto zuwa kara, kasuwar shanu.

Dillalai da mahauta suna rumfarsu, ana zagaya shayi. Da suka gan shi hira ta tsaya. Ya yi sallama, ya zauna a gefen tabarma ba tare da an ce ya zauna ba.

"Alhaji, ba ni tabar."

"Baba, bar maganar nan," in ji Alhaji Taufiƙ. "Ba na faɗa da sa'an ubana. Kowa zai tsufa."

"Ban zo faɗa ba. Ba ni."

Ya karɓa, ya warware tankin, ya zuba guntun ruwan a ƙasa. Ya zaro lagwanin da bakin filaya. Tsakiyarsa ya yi baƙi ƙirin, gefe biyu fari fat, a bushe.

"Dawuda, kai mai ido, zo. Mene ne wannan a jikinsa?"

Dawuda ya sunkuya. "Ɓawon gurya ne."

"Kawo ruwa a kofi."

Aka kawo. Ya tsinke farin gefen ya jefa. Audugar ta tsaya a kan ruwa kamar gashin kaza. Ya tsinki tasa ya jefa kusa da ita. Nan take ta jiƙe ta nutse.

"Ɗanyar auduga ce," in ji shi. "Daga buhu aka ciro ta, yadda ta zo daga gona, da maiƙonta da feshinta. Ba ta shan ruwa. Waya ta yi ja, ta ci busasshiyar auduga. Hayaƙin tsumma ka zuƙa, Alhaji."

Alhaji Taufiƙ ya dafe wuya. "Feshi? Maganin ƙwari?"

"Shi."

"To ai wannan bai nuna wa ya sa ta ba," in ji Dawuda.

"Yaushe aka gyara taka?"

"Watan jiya."

"Kawo."

Ya buɗe ta Dawuda, ya jera tankunan biyu a tafin hannunsa. Mutane suka matso har inuwarsu ta rufe shi, ya ce su ja baya rana ta shigo.

"Ku ƙirga zoben wayar Dawuda."

"Bakwai."

"Ina suka karkata?"

Dawuda ya kanne ido ɗaya. "Hagu."

"Na Alhaji fa?"

An daɗe ana dubawa. "Biyar da rabi. Wasu sun hau kan wasu. Sun karkata dama."

Baba Mahamman ya ɗaga hannun hagunsa, da filaya a ciki. "Ubana ya dake ni har na koyi cin tuwo da dama. A wurin aiki kuwa ya kasa raba ni da hagu. Duk fankar da ke juyawa a Hausare naɗin hagu ce. Ku buɗe naku duka. Wanda ya samu nawa ya karkata dama, ya tofa mini yawu a gemu."

Mutum shida suka buɗe. Babu wanda ya tofa.

Alhaji Taufiƙ ya miƙe, yana tari yana gyara babbar riga. "Ɗan banzan yaron nan! Yau sai ya kwana a hannun jandarma. Kai yaro, tayar da moto!"

"Zauna, Alhaji."

"Baba, kai ma fa ya zaga!"

"Ni ya zaga. Ka bar mini shi."

"To daga yau gidanka za mu riƙa kawowa. Me ya haɗa mu da shagonsa?"

"A'a. Ku kai masa. Duk ku kwashe naku, da na 'yan'uwanku na kwata, ku kai masa yanzu. Ku ce naɗin hagu kuke so, zobe bakwai, gobe da safe. In babu, kada ya ƙara ganinku."

Dawuda ya dube shi. "Ai wurinka zai zo."

"Na sani."

Ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa. Shayin da aka miƙo masa bai karɓa ba.

Rana ta yi sanyi sa'ad da Maxime ya yi sallama a ƙofar zaure. Yana rungume da kwali. Gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu. Baba Mahamman yana zaune a kan buzu, teburin aikinsa a gabansa, an share shi tas.

"Baba."

"Shigo."

Maxime ya ajiye kwalin, ya durƙusa. Tankuna ne cike, sun fi talatin.

"Baba, na yi kuskure. Alhaji ya zo da ihu, mutane sun taru, kaina ya ɗaure. Ban san abin da bakina ya faɗa ba."

"Ni na sani. Ina tsaye bayan mai jar hula."

Maxime ya sunkuyar da kai. "'Yan kara da 'yan kwata su ne shagona, Baba. In suka tafi, c'est fini. Sai in rufe."

"Ka naɗa musu hagu mana. Waya ce da ƙusa."

Maxime ya sa hannu a aljihu, ya fito da wasu 'yan wayoyi a murɗe kamar tsutsar da aka taka. "Tun la'asar nake gwadawa."

Kaltuma ta leƙo daga ƙofar cikin gida, da kofin ruwa. Ta ajiye wa Maxime, ta tsaya.

"Malam, shekara tara ya kwana a ɗakin can. Da ya yi shawara ni na yi jinyarsa, kai ka goya shi zuwa asibiti."

"Shi ya sa," in ji Baba Mahamman. "Da bare ne da tuni na manta."

Ya jawo ƙusa da waya. Ya cire tabaransa, ya ajiye a gefe. Ya rufe ido.

"Duba da kyau. Idon ya tafi."

Hannun hagu ya kama bakin wayar. Ta zagaya ƙusar sau bakwai, zobe yana bin zobe, ba gibi ba hawa. Ya datse ƙafafun wayar biyu. Ya tsinki auduga, ya murza ta a cinya, ya zura, ta wuce ba matsi ba sako-sako. Ya gyara gefen da almakashi. Sannan ya buɗe ido, ya ɗora aikin a tafin Maxime.

"Ƙirga."

"Bakwai, Baba." Maxime ya riƙe naɗin da hannu biyu. "Na gode. Useko, Baba. Gobe da kaina zan tsaya a kara in faɗa wa kowa ƙarya na yi."

"Sun sani. Ba ni."

Ya karɓe naɗin, ya sa a bakin filaya, ya matse. Wayar ta baje. Ya jefa ta cikin kwalin, kan tankunan.

Daga nan ya tattara ƙusoshin, da filaya, da ƙullin wayar, ya zuba su a gwangwanin madara, ya danna murfin da tafin hannu.

"Ke, sauran audugar ki yi matashi da ita."

"Malam, mu fa? Aikin nan shi ne..."

"Fanka ba ta ƙare a Garwa ba."

Maxime ya matso da gwiwa, ya kama gefen buzun. "Baba, ko goma. Ko na Alhaji kaɗai. Ka tausaya mini."

Tsohon ya dube shi har aka fara kiran magariba a masallacin bakin layi. Ya janye buzunsa daga hannunsa, ya ɗauki buta.

"Ba zan naɗa ba."