Kwaɓin da Ya Tsallaka Teku

Kwanon yana kan cinyar Alzira, a rufe ruf, ɗaure da tsohon ɗankwali. A cikinsa akwai kwaɓin burodin biki, wanda ta tayar da ɗan dunƙulen tsohon kwaɓi, irin da ta gada wajen uwarta. A gidansu ba a kai amarya sai an gasa burodi daga wannan iri, ga shi jibi jikarta Graciete za ta yi aure a birnin Boston na Amurka.

Murna kamar ta kashe ta. Shekara saba'in da ɗaya ba ta taɓa barin tsibirin São Miguel ba, yau ga ta a jirgin sama, teku shimfiɗe a ƙasa. Lissafi kuwa tun a kicin ta gama shi: tikiti ya ce tashi daga birnin Ponta Delgada ƙarfe biyar na yamma, sauka bakwai saura kwata. Awa biyu ai ba komai ba ne a wajen kwaɓi.

"Ka ji halin ɗana Norberto da ke Boston?" Ta zunguri dattijon da ke kusa da ita, mai suna Tibério. "Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, shekara tara bai leƙo ni ba! Kullum sai 'Mama, akwai nisa.' Yau sai na ja kunnensa a gaban surukai."

Tibério ya duba tikitin, ya tuntsire da dariya. "Haba baiwar Allah, kusan awa shida ce fa! Kilomita wajen dubu huɗu. Agogonsu yana bayan namu da awa huɗu."

"Kai dai faɗi wata. Rana guda Allah ya yi."

Bai ja da ita ba, kwaɓin ne ya ja. Ana cikin awa ta uku murfi ya ɗaga, ɗankwali ya ɗame tam. Alzira ta san in ya wuce ƙa'ida ya yi tsami, burodin amarya ya tafi ke nan. Ta naɗe hannun riga ta danne shi da dunƙulen hannu.

Jirgin kuwa rabinsa 'yan tsibiri ne, kuma kowace mace gwanar burodi ce.

"Inna, sanyi yake so!"

"'Yan mata, a kawo ƙanƙara!"

Ma'aikaciyar jirgi ta kawo tana dariya. Tibério mai ilmin agogo ya koma riƙon kwano, ruwan sanyi na ɗiga masa a wando. Duk dannawar da Alzira ta yi sai an tafa mata.

Da suka sauka, agogon bango ya nuna bakwai saura kwata, rana ma ba ta faɗi ba. Ta buɗe kwano ta sansana. Yana nan lafiya.

Can ta hango Norberto yana kutsowa cikin mutane, furfura ta cinye masa kai. Ta ɗaga hannu ta kama kunnen, sai kuma ta tsaya tana shafa shi kawai. Ta miƙa masa kwanon.

"Riƙe a hankali. Sau uku ya tashi a hanya." Ta share ido da bakin mayafi. "Akwai nisa, ɗana."