Ɗan Azumi Bai Sauka Ba

Da lokotoro, wato likita, ya ce wa Ɗan Azumi tela ya riƙa taka keke, dariya ya yi. "Ai shekara ashirin ke nan ina taka keke." Lokotoro bai yi dariya ba. Ya ce ba keken ɗinki yake nufi ba. Kilo ɗari da goma sha biyu, ga tansiyo ta hau, wato hawan jini, zuciya kuma ta fara gajiya da ɗaukar wannan kaya. Minti talatin kowace safiya, ya ce, kuma ba tsayawa.

Keken ya samu, wani baƙi mai ƙwari da aka kawo mashi daga Maraɗi. Ranar farko sirdi ya ɓace a ƙarƙashinshi, gwiwoyi suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Wannan duk da sauƙi. Abin da lokotoro bai sani ba, a Madarunfa mutum mai tarbiyya ba ya wuce babba yana bisa keke. Sai ka sauka, ka tura, ka tambayi kwana da gajiya da iyali. Ɗan Azumi kuwa rabin dattawan garin shi ke yi masu ɗinkin Salla. Minti talatin ɗin nan, da ƙyar yake taka biyar.

Ya canza hanya, ya bi ta bakin tafki inda babu kowa sai masunta. To amma hanyar tafki ta ƙofar gidan Baba Kanta take bi, mahaifin matarshi Zulai. Tsohon kullum yana kan tabarma tun bayan asuba. Nan ba sauka kaɗai ba ce, har da tuɓe takalma da durƙuso, kuma mai ƙiba in ya durƙusa, tashi wani aiki ne. Kafin a gama gaisuwa gumi ya bushe, jiki ya mutu, sai ya tura kekenshi gida.

Wata guda, sikeli bai motsa ba. Ya faɗa wa Zulai gaskiya, tsoro yake ji. Amma ya wuce surukinshi a kan keke? Gara a ce ya fasa. Zulai ta ɗauki mayafi ta nufi gidan mahaifinta.

Washegari ya fito don dai kada a ce bai gwada ba. Da ya hango tabarmar ya kama birki, ya fara sauke ƙafa. Sai ya ga Baba Kanta a tsaye bakin hanya, dafe da sanda, abin da bai taɓa gani ba.

"Kada ka sauka," in ji tsohon.

"Baba, ina kwana..."

"Lafiya lau. Taka."

Ɗan Azumi ya yi ta lilo a kan keke, ƙafa ɗaya na neman ƙasa, kunya ta rufe shi. Tsohon ya ɗan biyo shi taku biyu, ya yi ƙasa da murya.

"Mijin Ɗelu, yayar Zulai, ya fi ka iya gaisuwa. Bara tansiyo ta kashe shi a kan sallaya. Na ga ɗiyata guda cikin takaba, ya ishe ni. Wuce."

Ya wuce. Bai waiwaya ba, don idanunshi sun cika. Ya bi bakin tafki yana haki, ya bar masunta a baya, ya ci gaba da takawa.